Kundin gyaran hannun ƙofar direba: Camry 1999, Kano

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Motar Toyota Camry ce ta 1999, baƙa, irin wadda dillalai ke kira fensil saboda siririyar fitilar bayanta. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta waje. In an ɗaga hannun sai ya taso sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba, kuma ba ya komawa mazauninsa sai an danna shi. Ta ciki tana buɗuwa, amma sai an ja mariƙin an haɗa da turin kafaɗa.

Yau ko sukuru ɗaya ba a kwance ba. Yadda hannu ke amsawa a yatsa yana nuna inda ciwon yake tun kafin a buɗe ƙofa. Idan ta ciki da ta waje duk sun ƙi, sakatar da ke cikin ƙofar ce ta cije, ko ta maƙale a kulle. Idan hannun waje yana da nauyinsa, yana komawa da kansa, amma ƙofa shiru, galibi sandar ƙarfen da ta haɗa shi da sakata ce ta zame daga kilif ɗinta. Idan kuwa ya yi sakayau kuma ba ya komawa, robar ce ta karye a inda sifirin yake zaune. Namu ke nan.

Camry ta 1997 zuwa 2001 ta yi suna wajen karyewar wannan hannu, kuma ranar Kano ba ta raga wa roba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle baƙin hannu da ya yini a fili. Shekara da shekaru roba na gasuwa har ta bushe ta zama kamar ƙashi. To amma ba nan gizo ke saƙa ba. Turin kafaɗar nan shi ne abin dubawa, domin yana nufin an daɗe ana fizgar hannun da ƙarfin da ba a yi shi dominsa ba.

Gwaji biyu aka yi. An buɗe ƙofar kamar taƙi ɗaya, aka kama gindinta ta can ƙarshe aka ɗaga sama: tana ɗan motsi, ba mai yawa ba. Sannan aka goga alli a jikin ƙugiyar da ke kan ginshiƙin mota, wadda sakata ke cafka, aka rufe ƙofa a hankali aka buɗe. Allin ya goge ta sama kaɗai. Ƙofar ta sauka ke nan, tana hawa kan ƙugiyar maimakon ta shige ta tsakiya. Saboda haka aiki uku ne: hannu, sakata, da zaman ƙofa. Wanda ya canza hannu kawai ya bar jaki yana dukan taiki.

Lahadi, 5 ga Janairu

Cire bangon ƙofa na ciki. Kayan da aka tanada: sukudireba mai sita lamba 2, filat ƙarama da aka naɗe bakinta da tef, soket lamba 10 da ɗan dogon wuyansa, Torx T30 (sukudireba mai bakin tauraro), filaya mai dogon baki, cocila, maganaɗisu mai sanda, da gwangwanin madara biyu na zuba sukurori.

Kafin komai a ɗaga gilashi har ƙarshe, sannan a cire kan batir na negatif da sifana lamba 10. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya fara cire batir alhali gilashi na ƙasa sai ya mayar, domin gilashin yana tsaye ne daidai inda hannu zai shiga.

An jira har wajen ƙarfe goma sha ɗaya kafin a taɓa roba. Da sanyin safiyar hunturu kilif-kilif ɗin bangon suna tsinkewa kamar busasshen kara, in rana ta ɗan ɗumama su kuwa sai su saki lafiya. An ɓalle ɗan murfin nan mai kusurwa uku na bayan madubi, da zoben da ya kewaye mariƙin ciki, da allon maɓallan gilashi. Soket ɗin waya ba a fizgarsa ta waya, akwai ɗan harshe da ake dannawa. Sukurorin bangon wasu a ɓoye suke ƙarƙashin ƙananan murafu, saboda haka in bango ya ƙi tasowa a wani wuri, kada a ƙara ƙarfi, a nemi sukurun da aka manta. Daga nan a sa filat ta ƙasa, dab da kowane kilif, a ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga bangon sama ya fita daga bakin gilashi. Kilif biyu sun karye duk da haka. Za a sayo.

Bayan bango akwai leda da aka manne da baƙin gam mai danƙo. An ɗaye ta a hankali ta ɓangaren baya kawai, aka naɗe ta sama aka riƙe da tef. Ba a yage ta ba, ba a kuma bar gam ɗin ya kwashi ƙura ba, don shi za a sake amfani da shi.

Da aka haska cocila ciki, sai ga guntun roba kwance a gindin ƙofa cikin ƙura mai kaurin yatsa.

Litinin, 6 ga Janairu

Fitar da tsohon hannu. Kafin a taɓa komai an ɗauki hoto uku da waya, daga kusurwa daban-daban, domin sandunan nan kowace da lanƙwasarta da gefen da take bi, kuma bayan kwana huɗu ba mai tunawa.

Sanda biyu ne suka shafi wannan aikin. Ɗaya ta taso daga hannu ta sauka kan sakata, ita ce ta buɗewa. Ɗayar ta taso daga gidan makulli, ita ce ta kullewa. Kowace tana shiga rami ne, kilif ɗin roba ya rungume ta. Ba a zare sanda da ƙarfi. Ana juya kilif ɗin gefe ya saki jikin sandar, sannan ta fito da kanta. An yi wa sandar buɗewa alama da alƙalamin maka a daidai inda kilif ya kama ta.

Wurin ƙunci ne ƙwarai, kuma bakin ƙarfen cikin ƙofa yana yanka kamar reza, don haka riga mai dogon hannu ta fi. An kwance notin ƙarfen da gilashi ke bi ta baya aka ture shi gefe, aka kuma kwance sukurori uku na T30 da ke gefen ƙofa aka bar sakata ta ɗan sauka. Nan wuri ya samu. Game da waɗannan sukurori uku: kansu tauraro ne mai tsini shida, ba ramin alanki ba ne, ba kuma sita ba ce. Wani ya taɓa shiga ɗaya daga cikinsu da abin da ba nasa ba, ya cinye masa baki. Sai da aka dasa T30 ɗin aka ɗan buga shi da guduma ya zauna sosai, aka danna da nauyin jiki, kafin ya juya. Wannan sukurun ba zai koma ba.

Hannun kansa notuna masu kai 10 ne ke riƙe da shi ta ciki, gidan makulli ma a jikinsa yake ɗaure. An liƙa tef a kan fenti kewaye da hannun ta waje, aka kwance notunan, aka zare gidan makulli aka ajiye, aka karkato hannun ya fito. Noti ɗaya ya faɗa gindin ƙofa, maganaɗisu ya ɗauko shi. In aka bar irinsa a ciki, zai yi ta ƙara a kowane rami na titi har ranar da za a sake buɗe ƙofar.

A kan tebur abin ya fito fili. Faifan da ake ɗagawa yana da ƙafa biyu da suka shiga ciki suna juyawa a kan fil. Ɗaya daga cikinsu ce ke danna ɗan ƙarfen da ke tura sanda, kuma a nan sifirin yake. Ita ce ta karye. Rabin bakin karayar ya yi duhu da datti, rabin kuma sabo ne fes. Tsagewar ta daɗe tana tafiya kaɗan-kaɗan, fizgar ƙarshe ƙarasa ta kawai ta yi.

An yi shawarar liƙewa, aka watsar. Sufa gulu da yashi, wanda ake yi a bakin titi, yana yin tauri amma ba ya jure lanƙwasa, kuma wurin karayar bai kai faɗin farce ba alhali duk ƙarfin hannun mutum a nan yake taruwa. Masu ɗinkin roba da wuta suna yin aiki mai kyau a kan bamba, domin bamba faffaɗa ce kuma ba a jan ta kullum. Wannan ƙafar dabam ce.

An gwada sakata da yatsa, a wurin da sandar ke dannawa. Lafiyayyar sakata yatsa ɗaya ke motsa ta, ta kuma dawo da kanta da ɗan sauti. Wannan sai da babban yatsa da cije baki, kuma a hankali take dawowa kamar an tsoma ta a ƙullu. An toshe ramin hannun da leda da tef saboda hazo.

Laraba, 8 ga Janairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa. An tafi da tsohon hannu da guntunsa da kilif ɗaya na bango a leda. Zuwa sayen kayan mota da baki kawai, ba samfuri a hannu, neman tafiya biyu ne.

Abin da ya kamata a sani kafin a je. Hannuwan ƙofofin huɗu ba ɗaya ba ne. Motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, don haka ƙofar direba ita ce gaba ta hagu. A lambobin Toyota, wanda ya fara da 69220 shi ne na gaba hagu, 69210 na gaba dama, 69230 da 69240 na baya ne, kuma na baya ba su da ramin makulli. Sannan wannan Camry ba a wuri ɗaya aka ƙera ta ba. Lambar jikin mota mai harufa 17, wadda ake gani ta gindin gilashin gaba, in ta fara da 4T1 ƙirar Amurka ce, in ta fara da JT2 ƙirar Japan ce. Tamu 4T1 ce. Lambar fenti tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, bayan harufan C/TR. Tamu 202, wato baƙi, wanda ya sauƙaƙa abin, domin baƙin hannu marar fenti ba zai yi bambancin da ido zai damu da shi ba. Mai farar mota, 040, ko dai ya nemi na Beljiyam mai launinsa ko ya kai wa mai fenti.

Iri uku aka samu. Na Beljiyam asalin Toyota ne kuma zamansa daidai ne, amma shekarunsa ɗaya da wanda ya karye. Biyu aka duba da cocilar waya, ɗaya har ya fara farin layi a gindin ƙafar nan, alamar tsagewa. Sai sabo na kwali mai araha, wanda in ka murɗa shi a hannu yana lanƙwasa, sifirinsa siriri, fil ɗinsa na rawa a raminsa. Araha ba ta ado. Sai wani sabon mai ɗan nauyi, roba mai kauri, sifiri mai ƙarfi, wanda ramukan notinsa ke da zoben ƙarfe a ciki. Shi aka ɗauka. Akwai masu yin na ƙarfe zalla don irin waɗannan motocin, ba a same shi yau ba, kuma ko an samu ba shi ne maganin sakata mai tauri ba. In hannu ya ƙi karyewa, kilif ko sanda ne za su ɗauki wahalar.

An jera sabo da tsoho a kan benci a gaban mai shago: tazarar ramukan noti, girman ramin makulli, gefen da ɗan ƙarfen turawa yake. Na farko da yaron shago ya miƙo na dama ne, kuma daga nesa ba ka bambance su. An yi sharaɗi da mai shagon cewa in bai zauna ba za a dawo da shi a canza.

Sauran sayayya: kilif ɗin sanda huɗu, kilif ɗin bango goma, sukurun sakata ɗaya daga tsohuwar ƙofa, farin giris ƙaramin gwangwani, gam ɗin ɗaure zare shuɗi, kalanzir kwalba ɗaya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar sakata, kuma ita ce zuciyar aikin.

An saki sauran haɗe-haɗen da suka tafi mariƙin ciki da maɓallin kullewa, aka cire soket ɗin wutarta, aka fito da ita ta babban ramin ƙofa. Abin da ke ciki ba giris ba ne kuma. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana shiga ta bakin gilashi da ta bakin sakatar kanta, ta tarar da maiƙo ta zauna. An ga alamar an sha ɗura mata baƙin mai ta waje, irin taimakon da ake yi wa ƙofa mai tauri a gareji. Kwana biyu takan yi laushi, daga nan man ya kwashi sabuwar ƙura, ya daskare, a sake ɗurawa. Haka aka yi ta yi har abin ya zama kamar kwalta da yashi, yana riƙe ƙarafan yana kuma cin su.

Yadda take aiki ba wuya. Akwai ƙarfe mai baki kamar ƙaho biyu wanda ke juyawa ya rungumi ƙugiya, akwai kuma ɗan harshe da ke faɗawa bayansa ya hana shi komawa. Mataki biyu ne: ƙas na farko ƙofa ta kama rabi, ƙas na biyu ta rufe sosai. Duk aikin hannun waje da na ciki shi ne su ture harshen nan. In ƙofa ta sauka tana danne ƙugiya, ko robar bakin ƙofa tana turo ta da ƙarfi, nauyin duka a kan harshen yake, kuma hannun roba ne zai ɗauke shi. Ga datti a sama. Nan ƙarfin da ya karya hannun ya fito.

Wanki: kalanzir a murfin gwangwani, tsohon burushin haƙori, da tsinken tsintsiya na saƙo-saƙo. Ba a tsoma sakatar gaba ɗaya ba, domin a jikinta akwai ɗan injin da ke kullewa da wuta, kuma kalanzir in ya shiga cikinsa zai wanke maiƙonsa ya ɓata shi. An riƙe ta yadda ɓangaren wutar yana sama, ruwan dattin na zuba ƙasa. Fetur ba ya cikin lissafi: yana busar da roba, ga haɗarin wuta. Sau uku aka canza kalanzir kafin ya daina fitowa baƙi. Aka goge da tsumma, aka shanya a inuwa awa biyu.

Man fesawa na WD-40 yana da amfaninsa wajen narkar da tsohon maiƙo da sassauta abin da ya cije, amma ba ya zama. Wanda ya fesa shi ya mayar da bango, zai dawo.

Giris kaɗan ake sawa. Kamar ƙwayar wake a kowane wurin da ƙarfe ke juyawa ko yake gogar ɗan'uwansa, a tura shi ciki da tsinke, a motsa sau ashirin, a share duk wanda ya fito waje. A bakin ƙahon nan da ke leƙowa waje, shafawa kawai ake yi da yatsa, don shi ne ya fi fuskantar ƙura. A garin nan giris mai yawa gayyatar ƙura ce.

Bayan haka ɗan yatsa ƙarami ma yana motsa ta, tana dawowa da ƙas mai tsabta. An duba robar da ta lulluɓe ƙahon, ta ɗan ci amma ba ta huje ba. Da ta huje, ƙofa za ta riƙa kaɗawa a kan hanya ko an daidaita ƙugiya, sai canjin sakata.

Gidan makulli bai ga mai ba ko ɗigo. An hure shi, aka goga bakin fensir a jikin makullin sosai aka shigar aka fitar sau da yawa. Baƙin fensir busasshe ne, yana sa santsi ba ya kama ƙura.

Asabar, 11 ga Janairu

Ɗaura sabon hannu. An mayar da tsohon gidan makulli a jikinsa, don makullin mota ya ci gaba da zama ɗaya. Siririyar robar da ke zama tsakanin hannu da fenti ta sabon ba ta da kyau, aka ɗauko ta tsohon aka wanke aka sa. In babu ita ruwa na bi ta nan, hannun kuma ya riƙa cin fenti.

Ramin da kilif ɗin sanda ke shiga a sabon hannun ya ɗan matse saboda ragowar roba daga wurin ƙira. An kankare shi da bakin wuƙa kaɗan, ba a huda shi da babban abu ba, don in ya yi faɗi kilif zai riƙa fita.

Dabarar sa noti a wurin da yatsa ba ya kaiwa: a ɗora 'yar guntuwar leda a bakin soket, a danna kan notin a ciki, zai riƙe shi ba zai faɗi ba. Kowane noti an fara shi da hannu zagaye uku kafin a sa masa ƙarfi. Zarensu M6 ne, wato kaurin milimita 6, ɗaurinsu kuma a sifanar awon ƙarfin ɗauri bai wuce Nm 5 zuwa 6 ba. Wanda ba shi da sifanar awo ya riƙe abin ɗaurin ta kusa da kai da yatsu uku, in ya tsaya ya ƙara ɗan kaɗan ya bari. Ɗaurin taya a nan yana fasa robar ko ya sa zoben ƙarfen ya riƙa juyawa a cikinta.

Sakata ta koma, sukurori uku da ɗigon shuɗin gam a zaren kowanne. Sanduna sun koma bisa hoton ranar Litinin, da sababbin kilif.

Ba a rufe ƙofa ba. Wannan doka ce: ƙofar da aka rufe alhali ba hannun da ke buɗe ta, an shiga uku, don bangon ma ba ya ciruwa da daɗi in tana rufe. Ana gwaji ne da ƙofa a buɗe. A sa jikin sukudireba a bakin sakata a tura kamar ita ce ƙugiya, ƙas, ƙas, sannan a ɗaga hannun waje ana jan sukudireban baya.

Ta saki, amma sai da hannun ya kai ƙarshen tafiyarsa. Wannan ba daidai ba ne, domin kullum za a riƙa buga shi a maƙurarsa, kuma haka ake fara sabuwar tsagewa. An kwatanta da ƙofar fasinja, wadda ke saki tun hannu na wajen rabin hanya. Da aka sake duba sandar, sai aka ga lanƙwasarta ta ƙaru, wataƙila tun lokacin da ake fama da sakata mai tauri, don haka ta gajarce. An fito da ita, aka riƙe da filaya biyu aka miƙar da gwiwar kaɗan. A karon farko an zarce: sandar ta yi tsawo tana danne sakata ko ba a taɓa hannu ba, sai maɓallin kullewa ya fara gardama, a kulle ya ƙi buɗuwa da makulli. Dalili shi ne sai ƙarfen buɗewa ya koma mazauninsa sarai kafin na kullewa ya iya shiga ko fita. Aka rage. Abin da ake nema shi ne ɗan wasa na milimita 1 zuwa 2 kafin sanda ta fara turawa.

Gwajin sukudireba sau goma ta waje, sau goma ta ciki, a kulle da a buɗe, da makulli da maɓalli. A kulle hannun waje ya tashi ba tare da ya saki komai ba, haka ake so. Sai a sannan aka rufe ƙofa, bayan an mayar da ƙarfen gilashi da kan batir an sauke gilashin ƙasa, don ko da wani abu ya faru a iya zura hannu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Zaman ƙofa. Layin jikinta ya sauka ƙasa da na ƙofar baya da kamar milimita 2. Hanya mai sauƙi ita ce a sauke ƙugiya ta bi ƙofar, amma wannan ɓoye ciwo ne. Hanyar da wasu masu gyaran jiki ke bi, su sa jak a gindin ƙofa su ɗaga da ƙarfi har wani abu ya lanƙwashe, ita ma ba a bi ta ba. Abin da ke lanƙwashewar hinji ne ko ginshiƙi.

Mutum biyu aikin ke so. An sa jak da guntun katako naɗe da tsumma a ƙarƙashin ƙarshen ƙofa, don ya ɗauki nauyi kawai. An zana kewayen hinji da fensir, aka sassauta notunan da ke ɓangaren jikin mota da sifana lamba 12 mai lanƙwasa, ba a cire su ba. Notunan ɓangaren ƙofa na asali suna da kafaɗa da ke zaunar da su a tsakiyar rami, ba sa ba da wurin motsi, shi ya sa ba a taɓa su ba. Aka ɗaga jak kaɗan, aka ɗaure, aka sauke jak, aka duba layi. Sau uku kafin ya zauna.

Sannan ƙugiya. Sukurorinta biyu manya ne kuma a ɗaure suke tam. An zana kewayenta, aka sassauta ta yadda sai an ɗan buga take motsi, aka matsa da ita milimita ɗaya-ɗaya. Alli ya sake aiki: yanzu ba ya gogewa ta sama ko ta ƙasa. An gwada matsin robar bakin ƙofa da tsinken takarda, a rufe ƙofa a kansa a ja. Ya fito da ɗan riƙo a sama, a tsakiya, da ƙasa. In an tura ƙugiya ciki da yawa don gudun shigar ƙura, nauyin kan harshen sakata ya dawo, an koma gidan jiya.

Ɗan motsin da ke cikin hinjin sama yana nan. Bai kai na canji ba tukuna.

Asabar, 18 ga Janairu

An bar ƙofar mako guda ba bango, ana hawa motar a haka, don in akwai abin da zai zame ya zame a gan shi. Ba abin da ya motsa, alamar maka tana inda take.

Kafin rufewa an kwashe ƙurar gindin ƙofa da cokali da tsumma, aka buɗe ramukan fitar ruwa na ƙasa da tsinke. Duk a toshe suke. Mutane da yawa ba su san cewa ruwan sama yana shiga cikin ƙofa ba, ta bakin gilashi, kuma haka aka ƙera ta, ya shiga ya fita ta ƙasa. Yanzu rani ne ba a ganin illar, amma ruwan Agusta in ya tarar da ramukan a toshe, zai kwanta da ƙurar ya zama taɓo, gindin ƙofa ya ruɓe daga ciki. Ledar nan ma aikinta ke nan, ta hana ruwan taɓa bango da maɓallan gilashi. An mayar da ita kan gam ɗinta, inda ya daina kamawa aka ɗumama shi da rana aka danna, ƙasan ledar kuma aka tura shi cikin ramin ƙofa yadda ruwa zai zuba ciki.

An canza kilif biyu da suka karye da wasu uku da suka gaji. Soket-soket sun koma kafin a rataya bango, aka gwada gilashi sama da ƙasa da makullin wuta, sannan aka rataya shi ta sama, aka daidaita kowane kilif da raminsa kafin a buga da tafin hannu. Ba sukurun da ya rage a gwangwani.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako uku da ɗaura hannu. Yatsa biyu ke buɗe ƙofar, tana rufuwa da turi ɗaya marar ƙarfi. An sake gwada notunan hinji, ba su saki ba. Bakin sakata ya riga ya yi fari da ƙura, aka share da busasshen tsumma, ba a ƙara giris ba.

An bi sauran ƙofofin uku da gwajin alli da na yatsa. Ta fasinja lafiya. Ta baya dama tana da nauyi, kuma da aka haska cocila ta ƙarƙashin hannunta an ga farin layi a gindin ƙafa ɗaya. Sakatarta za a fara fitarwa ranar Asabar mai zuwa, a kuma tafi da hannun zuwa Ƙofar Ruwa a nemo mai lamba 69230. Kilif ɗin sanda biyu da na bango biyar sun rage, kalanzir ne sai an ƙaro.